Tsatsar da Yaya Ya Lulluɓe da Kafet

Ranar Laraba ce. Hadari ya haɗu tun safe, amma ruwa bai sauko ba.

Akwai wani mai ɗinkin kujerun mota, a gida Yaya ake ce masa, shekararsa talatin a sana'a. Ranar ne suka tura tsohuwar motar mahaifinsu cikin shagonsa, shi da ƙanensa mai walda, wanda har yanzu Auta ake ce masa duk da furfura ta fara fito masa.

Motar ta girmi Auta. Tun rasuwar Baba take ajiye a ƙarƙashin rumfa. Innarsu ce ta ce a tashe ta. Ƙafafunta sun yi nauyi, duk wata sai an kai ta asibiti, kuma ta gaji da motar haya. Ta ce so take ta koma kujerar gaba, inda ta zauna kusa da mijinta shekara arba'in.

Makanike ya tashi injin. Saura ciki.

Yaya ya kwance kujeru, ya yaye tsohon kafet. Bargon da ke ƙarƙashi a jiƙe yake sharkaf, yana wari. Ƙarfen ƙasan motar ya yi ja, yana ɓarewa kamar busasshen ganye.

Auta ya tsuguna, ya danna sukudireba daidai inda kujerar gaba take zama. Ta shige har ƙota.

"Yaya, ashe akwai tagar da Baba bai taɓa nuna mana ba."

"Kai ka huda."

"Ni na huda? Ko da farce ne zai shige. Nan sai an yanke, na yi waldar sabon ƙarfe. Sauran a gurje shi har ya yi fari, a shafa maganin tsatsa, a bi da jan fenti, a bar shi ya bushe. Robar gilashin nan ma a canza, ta nan ruwa yake shiga. Ka ba ni sati biyu."

"Sati biyu? Ranar Litinin Inna za ta asibiti, na ce mata a ciki zan kai ta."

"Ka ce mata wata mai zuwa."

Yaya ya ajiye almakashi. "Auta, ranar da na fara wannan sana'a kana yawo ba wando. Yau ni za ka koya wa cikin mota?"

"Wandon dai na saka, Yaya. Ƙarfen ne ba shi da lafiya."

"Tashi ka koma kan waldar ƙyaurenka."

Auta ya kakkaɓe gwiwa ya tafi.

Yaya ya bi tsatsar da burushin ƙarfe sama-sama. Ya shafa baƙin fenti a kai. Ramin ya toshe shi da guntun gwangwani da gam. Ya kawo sabon soso mai hana zafi da ƙara, ya manne shi ko'ina, har kan ƙananan ramukan da aka bari a ƙasan mota don ruwa ya riƙa fita. Ya ce ta nan ƙura take shigowa.

Sannan ya shimfiɗa kafet ruwan toka. A nan kam ba wanda ya kai shi. Ɗinki ya miƙe, kusurwa ta zauna, ba ko tattara.

Ranar Litinin Inna ta shiga, ta cire takalmi, ta shafa kafet da tafin ƙafa.

"Ko ubanku bai hau ta haka ba. Allah ya yi maka albarka."

Auta na tsaye a gefe. Ya ce, "Inna, don Allah ki riƙa zama a baya."

"Kin ji ko?" in ji Yaya. "Baƙin ciki ne kawai, don ba hannunsa a ciki."

Inna ta yi dariya. "Auta, ƙyale yayanka ya ji daɗin aikinsa."

Damina ta yi ƙarfi. Ruwa yana bi ta robar gilashi yana gangarawa ƙarƙashin soso, ba hanyar fita. Kafet a sama bushe yake ƙayau. Da wari ya fara tashi, Yaya ya sayo turare ya fesa.

Wata biyar aka yi haka.

Wata rana suna hanyar asibiti, motar ta faɗa wani rami. Ba babban rami ba ne. Aka ji ƙas! Notunan kujerar gaba suka ɓalle da ƙarfen da suke riƙe da shi. Kujera ta kife gefe da Inna a kai.

Ƙugunta ya karye. Likita ya ja Yaya da Auta gefe, ya ce a shekarunta kada su sa rai za ta sake takawa.

Da ta farfaɗo ta ga Yaya a bakin gado, abin da ta fara tambaya shi ne, "Motar ubanku dai ba ta lalace ba ko?"

Yaya ya miƙe. Ya fita baranda, ya tarar da Auta zaune a kan benci da ledar magani a hannu.

"Ka faɗa mana," in ji Yaya. "Ka ce ka gaya mini."

Auta bai ɗago ba.

"Ka zage ni, Auta. Ko marina ka yi."

"In na zage ka za ta miƙe?" Ya tashi da ledarsa. "Matsa, lokacin maganinta ya yi."

Washegari da safe Yaya ya buɗe shago, ya ɗauki wuƙa ya tsarge kafet ɗin tun daga gaba har baya. Da ya ɓamɓare soso, jan ruwa ya kwararo masa a ƙafa. Ya san ba mai sake zama a kujerar nan. Duk da haka ya durƙusa ya fara gurza.

Darasi: Ɓarnar da ka rufe ba ta tsaya ba, kai ne ka daina ganinta, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba take kayarwa. In na ƙasa da kai ya nuna maka inda ya ruɓe, ka duba wurin, kada ka duba shekarunsa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana gaggawar rufe aikin da bai gyara ba.