Shaidar da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Alhaji

Alhaji Mamuda ya gina ɗakin baƙi, ya ci taku huɗu cikin gidan maƙwabciyarsa Tasallah mai daddawa, ya ce filin kakansa ne. Ta kai ƙara wajen mai unguwa, abokin cin tuwon Alhaji.

Mai unguwa ya ce, "Sai ƙasar da kanta ta shaida taki ce."

Ta ce, "Za ta shaida, ranka ya daɗe, damina take jira. Ɗakin bisa tsohuwar shaddarmu yake."

Alhaji ya zabura. "Shadda? Shi ne kika yi shiru har aka gama ginin?"

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Filin kakanka, Alhaji, amma ni zan nuna maka inda muka shekara talatin muna tsuguno?"