Ranar da Aka Yi Wa Malam Burtu Sakiya

An yi wani Burtu a dajin Kwarin Tsamiya wanda aka ba shugabancin makarantar koyon jinya. Yana da wata jar jaka a maƙogwaro, in zai yi magana sai ya kumbura ta, muryarsa ta cika daji. A ganinsa duk ilimin duniya a jakar nan aka zuba shi.

Da aka ce a rubuta littafin koyar da ɗalibai, sai ya kulle ƙofa, ya kafa zanen akuya a gabansa. Daga jikin akuyar nan ya tsara jinyar kowace dabba.

Iya Bushiya ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shekararta ashirin tana wankin miki a asibitin dajin, kuma ba ta iya tauna magana ba. Bayanta ga Baba Kunkuru, wanda ciwon ƙafa ya mayar ɗan gida a asibitin.

"Malam, ka bari mu sa baki," in ji Bushiya. "Ka kira ɗaliban ma, su faɗi abin da ke shige musu duhu."

"Baki?" Burtu ya kumbura jaka. "Ke mai ɗaure bandeji? Ina takardarki?"

Kunkuru ya roƙi alfarma ɗaya. Ya ce ya ji an rubuta a kwantar da kowane mara lafiya rigingine, shi kuwa in aka yi masa haka ba ya iya juyowa, numfashi ma da ƙyar. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Malam."

Burtu ya kore su. Don haushi ma ya ƙara doka a shafi na ɗaya: ba a bin maganar mara lafiya, zafin ciwo ne ke magana.

Ɗaliban 'yan kurege ne masu kaifin hadda, kuma an hana su tambaya. Bawan Allah Kunkuru ya ga ta kansa. Kwana uku ya yi ƙafafu a sama, yana roƙo, suna karanta masa shafi na ɗaya. Da Bushiya ta juyar da shi, Burtu ya dakatar da ita mako biyu.

Ana nan, sai ƙaya ta soki Burtu a tafin ƙafa, aka kawo shi asibiti. Ɗalibai suka kwantar da shi rigingine, idonsu ya faɗa kan jar jakar. Akuyar littafi dai ba ta da irinta. Shafi na tara kuwa ya ce jan kumburi a wuya ƙurji ne, a yi masa sakiya. Nan take aka sa ƙarfe a wuta don huda shi.

"Ƙafa ce!" Burtu ya kwarma ihu. "Wannan halittata ce, da ita aka ƙyanƙyashe ni!"

Yana ihu, jakar na daɗa kumbura. Babban ɗalibi ya ce a yi sauri, abin ƙaruwa yake yi.

"Ni na rubuta littafin, shashashai!"

"Shi ya sa ba za mu karya shi a gabanka ba, Malam."

Burtu ya waiga gadon kusa, ya ce Kunkuru ya taimaka ya gaya musu. Kunkuru ya leƙo da kai a hankali. "Ku yi haƙuri da shi, 'ya'yana. Zafin ciwo ne ke magana."

Aka huda. Ko ɗigon mugunya babu, sai iska. Ƙayar kuwa tana nan daram, sai da Bushiya ta dawo ta zare ta kafin ƙiftawar ido.

Wata guda Burtu bai iya ko tari mai ƙarfi ba. A cikin watan aka zauna a gindin tsamiya aka sake littafin. Kunkuru ya faɗi yadda ake kwantar da irinsa, Bushiya ta nuna aikin hannu, ɗalibai suka zazzage tambayoyinsu. Burtu na gefe, wuya a naɗe da bandeji, yana saurare. Tun da aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa ƙaruwa kamar a watan nan ba.

Darasin wannan labari shi ne, in za a tsara karatun masu jinya, a zauna da mai ciwo, da mai aikin, da mai koyo. Wanda ya toshe bakin mara lafiya ya tuna, shi ma akwai gadonsa a asibiti.