Ƙarfen da Ba Likita Ya Sa Ba

Akwai wani farfesa, masanin cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda ya ƙarar da shekaru ashirin yana binciken yadda za a zaburar da ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga kai ba. Na'urarsa maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, wadda ake ɗorawa bisa kan majinyaci.

Ranar da kwamitin jami'a ya zo yanke hukunci ko a ci gaba da binciken ko a rufe ɗakin gwajinsa, aka zaunar da wani dattijo wanda shanyewar ɓarin jiki ta kashe wa hannu.

Farfesa ya karanto tambayar da ke takarda: "Baba, likita ya taɓa sa maka ƙarfe a ka?"

"Ko kusa, ranka ya daɗe."

Farfesa ya ɗora masa na'urar, yatsansa na kan maɓalli. Sai tsohuwar nas ɗinsa ta ce, "Farfesa, a ɗan dakata."

Ransa ya ɓaci, ganin shugaban kwamiti ya dubi agogo. "Sista, ni na rubuta takardar nan. Yau ke za ki koya mini aikina?"

Sista ta matso kusa. Tabon ƙuna take kallo a hannuwan dattijon. "Baba, mece ce sana'arka?"

"Walda, 'yata, tun ba a haife ki ba."

"Ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido?"

Dattijo ya murmusa. "Wane mai walda ne ya tsira? Akwai wanda ya shige na hagu, aka neme shi aka rasa. Ni dai na likita aka tambaye ni."

Farfesa ya dubi maɓallin. In ya fasa, kwamiti zai tafi bai ga komai ba. In ya danna, maganaɗisu na iya motsa ƙarfen, idon bawan Allah ya tafi.

Ya janye yatsansa. Kwamiti ya fice ba sallama.

Hoton cikin kan dattijon da aka ɗauka a asibiti daga baya ya nuna tsinin ƙarfe kwance a bayan idon. Da shugaban kwamiti ya gani, ya sa hannu a ci gaba da binciken, bisa sharaɗi guda: kada a sake kunna na'urar sai Sista ta amince.

Darasi: Komai zurfin iliminka, ya kai mai karatu, kada girman kai ya toshe maka kunne daga na ƙasa da kai, domin yakan ga abin da takardarka ba ta tambaya ba. Ku isar da wannan ga 'yan'uwa.