Me Ilu Ya Kashe?

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai.

Akwai wani mai jirgin ruwa a Yauri da ake kira Ilu, mutum ne da ba ya son dogon zance. Wata rana ya ɗauko wani jami'in gwamnatin tarayya zai haye da shi kogi, sai igiyar ruwa ta jijjiga jirgin, mutumin ya zame ta baya, dab da farfela. Ilu ya yi wuf ya kashe inji don kada ta sare shi, sannan ya faɗa ruwa. Bai same shi da rai ba.

A kotu aka ce ya faɗi abin da ya yi da ya ga mutumin gefen inji. Ya ce, "Nan take na kashe shi." Tafintan ba mugu ba ne, Hausar kasuwa kawai ya iya, sai ya juya maganar zuwa Turanci cewa Ilu ya kashe mutumin. Aka yanke masa hukuncin rataya. Bawan Allah bai ma san ya amsa laifi ba.

Zuciyarsa ta mutu. Aka ce yana da damar ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya wuce, ya ce a bar shi da ƙaddararsa. Yayarsa Kubura ce ta ƙi. Ta rufe rumfar kifinta, ta tare a bakin gidan yari, kullum sai ta shiga ta ce, "Ilu, ni na goya ka. Ba zan karɓi gawarka alhali ba ka yi komai ba." Ya gaji da ganin hawayenta, ya amince ana gab da rufe ƙofa.

Sai Barista Suwaiba ta karɓi shari'ar, bayan lauyoyi da dama sun ce wanda ya amsa laifi da bakinsa ba shi da magani. Ta zauna da shi ta yi masa tambayar da ba wanda ya taɓa yi: "Malam Ilu, me ka kashe?"

Ya dube ta da mamaki. "Inji mana, ranki ya daɗe."

Da wannan kalma ɗaya ta tafi kotun ɗaukaka ƙara, ta yi magana har muryarta ta dushe. Aka kayar da ita. Ranar Ilu ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar hukuncin farko, don wannan karon ya sa rai.

Amma cikin alƙalai ukun da suka saurari ƙarar, guda ta ƙi bin 'yan uwanta. Mai shari'a Rumasa'u ba ta san Ilu ba, kuma ta san ra'ayinta ita kaɗai ba zai buɗe masa ƙofa ba. Duk da haka ta tsaya a kan cewa ba a rataye mutum a kan maganar da ba ita ya faɗa ba. Da Suwaiba ta kai ƙara kotun ƙoli, inda babu sauran gaba, a kan hujjar Rumasa'u manyan alƙalai suka tsaya, suka sallami Ilu.

Ya koma kogi. Da shekara ta zagayo matarsa ta haifi 'ya mace, ya rantse sunan wadda ta ceci ransa zai sa mata. Ga ranar suna ta matso, ga liman yana jira a raɗa masa, Ilu kuwa ya rasa sunan da zai zaɓa. Ba don Kubura ba, da ba a ɗaukaka ƙarar ba. Suwaiba ce ta gano kalmar. Rumasa'u kuma, wadda har yau bai taɓa gaisawa da ita ba, ita ta hana maganar mutuwa a hanya.

Jaririya dai ɗaya ce. To, sunan wa za a raɗa mata?