Baƙon da Aka Tambaya Suna Kafin Ruwa

Ku gyara zama. Wannan ta zo ne daga nesa, kuma ba ta sa barci ba ce, ta gardama ce.

A can ƙasar Girka, zamanin da mutanenta ke bautar gumaka, suna da alloli barkatai, Allah ya raba mu da ɓata. Babbansu duka shi ne Ziyus, wanda suke cewa tsawa da ruwan sama a hannunsa suke. Sun kuma yarda cewa yakan sauko daga dutsensa ya yi shigar tsohon matafiyi, ya riƙa sallama gida gida don ya ga yadda ake karɓar baƙo. Shi ya sa suke da doka mai tsanani: baƙo in ya zo, a ba shi ruwa, a wanke masa ƙafa, a ciyar da shi, sai ya ƙoshi sannan a tambaye shi ko shi wane ne. Mu ma ai muna cewa baƙonka annabinka, sai dai su tsoro ne ya yi musu yawa.

To, a wani ƙauye a gindin dutse akwai wani tsoho makiyayi, sunansa Filon. Ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya rufuwa, ga son jin ƙwaƙwaf. A shekarar ɓarayi sun kwashe masa awaki, ya zama kowa ya gani sai ya zarge shi. Wata rana da la'asar wani tsoho mai sanda ya tsaya a ƙofarsa, ƙafafunsa duk ƙura. Maimakon Filon ya ɗauko tulu, sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai kuma wane ne? Daga ina, kuma me kake nema a nan?" Baƙon ya dube shi, ya juya ya kama hanyar dutse. Filon ya farga ya bi shi yana kira, amma magana zarar bunu ce.

Tun daga ranar sama ta ɗauke. Marmaro ya ƙafe, zaitun ya fara zubar da ganye, tumaki na faɗuwa a hanya. Dattawa suka taru, bokan garin ya ce ba wani ba ne aka kora, Ziyus ne da kansa. Hukunci ya fito: a kai Filon ƙolin dutse a ɗaure shi a bar wa tsawa da mikiya, sai fa in baƙon nan ya dawo ya ci abinci a gidansa, daga hannunsa. Aka kulle tsoho a rumbun mai gari ana jiran gari ya waye. Baki shi ke yanka wuya, kun ji dai.

Filon yana da 'ya'ya uku: Ariston manomi, shi ne babba, sai Tiyano masaƙiya, sai Mikon maharbi. Ba su zauna shawara ba, don babu lokacinta. Kowa ya kama abin da ya iya.

Tiyano ta karyo reshen zaitun ta naɗe shi da ulu, ta shiga gidan mai gari ta zauna daɓas cikin tokar murhunsa. A al'adarsu wanda ya yi haka ya shiga inuwar Ziyus. Ba a ɗaga shi da ƙarfi, kuma mai gidan ba ya taɓa wani dangin mai zaman muddin yana zaune. Amma in ya tashi da ƙafarsa, ko taku ɗaya ne, kariyar ta faɗi. Mai gari ya yi faɗa, ya yi lallashi, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban zo da gardama ba, zama kawai na zo yi." Matarsa kuwa, da ta gaji da ba iyalinta abinci mai sanyi tunda ba a hura wuta a kan mutum, sai ta riƙa ajiye gasasshen nama a bakin ƙofa, inda hannu ba ya kai wa sai an miƙe. Tiyano ta kawar da kai, ruwa kawai take kurɓa. Ta rame har awarwaronta yana zamewa daga hannu, tana jin kukan jaririnta a gidan maƙwabta, tana hawaye, amma ba ta motsa ba. Da ta tashi, da an kai uban dutse tun kafin a san inda baƙo ya nufa.

Mikon shi kuma ya rataya bakansa ya bi sawu. Sawun ya daɗe da gogewa, sai dai ya lura sandar baƙon tana da ƙarfe a gindi, tana barin ɗan karce a jikin duwatsu. Haka ya yi ta bin karcen nan, ya tambayi masu gawayi, ya tambayi masu kiwon zuma, har ya bar duk ƙasar da ya sani. Daga ƙarshe ya hango tsohon a cikin wani kwazazzabo, ashe faɗawa tsohon ya yi, ƙafa ta karye, leɓe ya bushe, da ƙyar yake numfashi. Mikon ya sauka ta inda ko akuya sai ta yi tunani. Ya ɗura masa sauran ruwan da ya rage a salkarsa, ya ɗaure ƙafar. Da ya ga ba zai iya hawa da mutum da baka a lokaci ɗaya ba, sai ya ajiye bakan da yake ci da shi, ya goya tsohon, ya dawo da shi gida ƙafafun Mikon suna jini. Da bai je ba, da baƙo ya mutu a ramin, Tiyano kuma ta yi zaman banza.

Ariston mutum ne mai nauyin baki, har ana yi masa kallon sakarai. Da aka shigo da baƙo, babu ko ƙwayar hatsi a gidan sai tukunyar irin sha'ir da ya binne don shuka. Ya tono ta ya niƙa duka, ya san ko an yi ruwa ba shi da abin zubawa a gona. Kafin gurasa ta gasu gari ya cika ƙofar gida, kowa na ɗaga wuya, kowa na so ya ji daga bakin baƙon ko shi ne ko ba shi ba ne. Ariston ya tsaya a ƙofa da taɓarya ya ce, "Wanda ya tambaye shi wani abu, da ni zai yi." Aka kawo Filon daga rumbu, ya wanke ƙafar baƙo, ya miƙa masa gurasa. Baƙo ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu. Amma hali zanen dutse. Tsoho Filon ya matsa kusa, ya sassauta murya ya ce, "Baƙo, don girmanka, wai shin kai ne..." Ariston ya yi wuf ya cusa wa ubansa gurasa mai zafi a baki, ya riƙe haɓarsa, yana cewa, "Ci, Baba, ka sha yunwa." Bai sake shi ba sai da baƙo ya suɗe hannu. Da ya yi jinkirin ƙiftawar ido, da wahalar ƙannensa duka ta tashi a tutar babu.

Baƙo na ture akushi, aka ji rugugi daga bayan dutse. Iska ta kaɗa, ƙamshin ƙasa ya tashi, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka watsu cikinsa suna dariya suna kuka, mata na fito da tuluna. Aka ruga aka gaya wa Tiyano, ta ce ba za ta tashi ba sai mai gari ya faɗa da bakinsa cewa ubanta ya kuɓuta. Ya faɗa, har sau biyu, don shi ma ya ƙagu a hura wuta a gidansa. Ta yunƙura ƙafafu suka ƙi, sai 'yan'uwanta suka ɗauko ta. Filon ya rungume su ukun yana kuka kamar yaro, ransa ya yi sanyi, ya tabbata ba zai kwana a ƙolin dutse ba.

Baƙo ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "Mai gida, yanzu da ya halatta ka tambaya, ka yi shiru?" Filon ya girgiza kai ya ce, "Na ƙoshi da tambaya." Sai baƙon ya zare zoben hannunsa ya karya shi biyu, kamar yadda suke ƙulla amana tsakanin baƙo da mai masauki. Ya riƙe rabi, ya miƙa wa Filon rabi, ya ce, "Ka ba wanda ya ceci ranka. Shi da zuriyarsa, duk ƙofar da suka tsaya za a buɗe musu." Ya ɗauki sandarsa ya fita cikin ruwa. Wasu sun ce yana ɗingishi, wasu sun rantse da ƙafa biyu ya tafi garau. Ko Ziyus ne, ko wani tsohon falke ne da ruwa ya zo daidai da ƙoshinsa, ni ban ce ba, kuma ba shi na tara ku a kai ba.

Filon dai ya zauna da rabin zobe a tafin hannu, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya rasa wanda zai miƙa wa cikin 'ya'yan nan uku. Kada kuma wani ya ce min hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a raba musu. Rabin zobe in aka sake karya shi ya tashi aiki.

To, ku ne alƙalai. Tsakanin Tiyano da ta zauna cikin toka, da Mikon da ya goyo baƙo daga rami, da Ariston da ya niƙa irinsa ya kuma toshe bakin ubansa, wa za a miƙa wa rabin zoben nan?