Kwale-kwalen da Ba a Gama Liƙewa Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙaramin gari na bakin gulbi, tun zamanin da ba a yi gada ba, wanda duk zai ci kasuwar tsallake sai ya shiga kwale-kwale. Sunansa Malam Nomau. Kada ku ji malam ku ɗauka mai zaure ne cike da littattafai. Gyaran kwale-kwale ne sana'arsa. In katako ya tsage shi ake kawo wa, ya cusa tsumma a tsagar, ya bi da narkakkiyar kwalta, ya buga gwangwani a kai da ƙusa. Da wannan yake ci da kansa da matarsa, Inna Tabawa.

To, ku saurara. Ɗansu na fari sunansa Lawandi. Kun dai san al'adar iyayenmu ta kunyar ɗan fari. Yaran yanzu ba su san ta ba, yanzu uba kan saɓa ɗan farinsa a kafaɗa ya zaga unguwa da shi yana washe baki. A da ba haka ba ne. Tun ranar suna, Malam Nomau bai taɓa furta sunan yaron da bakinsa ba, haka ma Inna Tabawa. "Yaron nan" suke cewa. In akwai magana, sai Malam Nomau ya gaya wa ƙaninsa Barmo, shi kuma Barmo ya kai.

Lawandi ya tashi gwanin tuƙi, duk gulbin babu kamarsa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu. Sai ya faɗa shaye-shaye. A lokacin babu waɗannan kwalabe da ƙwayoyi da suka addabe mu yau, burukutu ne da wani ganye da ake naɗawa. Suna ne kawai ya bambanta, ɓarnar ɗaya ce. Ya sayar da kwale-kwalensa, ya koma kan kayan ɗakin matarsa. Ta yi haƙuri har ta gaji, alƙali ya raba auren, ta yi wani a tsallaken gulbi. Sabon mijin ya ce ba zai riƙe 'ya'yan wani ba. Haka Zulai mai shekara bakwai da Hansai mai shekara uku suka dawo hannun tsofaffin nan biyu.

Ku da kuke da jikoki kun san daɗin jika. Ka tsokane ta ka ce amaryata, ta murguɗa baki ta ce ba ta son mai furfura, a yi dariya, da yamma uwarta ta ɗauke abarta. Malam Nomau ya rasa wannan. Shi ne mai tsawa, shi ne mai neman hatsi, shi ne mai kai su wurin mai magani. Inna Tabawa da ciwon bayanta ta koma goyo. Wallahi abin da tausayi.

Lawandi kuwa sai ya ga dama yake zuwa, ido jajur. Ya ci tuwo, ya yi wa yara alkawarin takalma, wata rana ya fasa tukunya ya fita. Duk sa'ad da ya shigo, Malam Nomau sai ya sunkuyar da kai ya bar gidan. Barmo ya same shi ya ce, "Yaya, yaron nan ya zubar mana da mutunci. Ka tsine masa ka huta."

Ya ce, "Barmo, bakin da zan tsine masa da shi, da shi nake roƙa masa shiriya kowace asuba. Ba zan haɗa biyun ba."

A nan ya yi daidai, ku riƙe wannan. Amma ni ba na ɓoye muku aibin mutumin kirki. Shirun da yake yi wa ɗansa ya ɗauka haƙuri ne, alhali rabinsa kunya ce kawai, kuma yaran nan biyu ne suke zaune a ƙarƙashin wannan shirun.

Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, farka, yanzu aka zo wurin.

Ranar wata kasuwa ce a tsakiyar marka. Gulbi ya kawo, ruwa jajawur, yana tafe da itatuwan da ya tumɓuke. Sarkin ruwa ya hana ƙananan kwale-kwale fita, sai babba ɗaya ke fito da mutane. Da hantsi Malam Nomau yana bakin ruwa yana gyaran wani ƙarami. Ya cusa tsumma a tsagar gindinsa, bai kai ga liƙewa ba, ya hau tudu ya duba kwaltar da ya ɗora a wuta.

A daidai lokacin Lawandi ya shiga gida a buge, ya ce wa yara su zo ya kai su wurin uwarsu. Zulai ta shekara ba ta ga uwarta ba, wa zai tsayar da ita? Inna Tabawa ta tare ƙofa ta ce, "Yaron nan, ka bar su." Ya raɓa ta gefenta ya wuce, Hansai a kafaɗa, Zulai na biye da gudu. Tsohuwa ta bi su ko mayafi babu.

Kwale-kwalen da ya fi kusa da ruwa shi Lawandi ya tura. Wane ne? Wanda ba a gama liƙewa ba. Kafin Malam Nomau ya waiwayo, har sun bar gaɓa.

'Yan kasuwa suka yo caa. Wannan ya zagi Lawandi, wancan ya kira shi ɗan giya, wani har da jifa. Kuma duk zagin da aka yi, sai ya ƙara kafa gora ya tura gaba yana cewa, "Ni za ku koya wa ruwa? Duk cikinku wa ya kai ni?" Samari suka nufi babban kwale-kwale za su bi shi, Sarkin ruwa ya hana, ya ce in ya ga an biyo shi tsakiya zai gudu, a can kuwa babu mai iya ceton kowa.

Mutum ɗaya ne a wurin ya san abin da ke gindin kwale-kwalen nan. Malam Nomau ya san tsumman da ya cusa ba zai kai su ko rabin hanya ba. Yana hangen Zulai ta ɗaga ƙafafunta, ruwa ya fara shiga ke nan.

Barmo ya riƙo hannunsa ya ce, "Yaya, in ba ka tsine masa yau ba, sai yaushe?"

Malam Nomau ya zare hannunsa, ya shiga ruwa da rigarsa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, yana jan sa. Tsoho ne fa, ya haura saba'in. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Lawandi."

Ku saurara, jama'a. Shekara talatin da huɗu mutumin nan bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Gora ta tsaya a hannunsa. Masu zagi ma suka yi tsit, don kowa ya san abin da ya faru.

Tsohon ya sake cewa, "Lawandi, ni ne. Ka ji ni?"

Ya ce, "Na ji, Baba."

"Ban ce ba ka iya ruwa ba. Duk garin nan babu wanda ya kai ka, na daɗe ina kallonka daga ƙarƙashin bishiyar can, ban dai taɓa faɗa maka ba. Amma kwale-kwalen nan aikina ne, kuma ban gama ba. Tsumma ne kawai a gindinsa. Dubi ƙafar Zulai."

Lawandi ya duba. Ruwa ya rufe idon sawun yarinyar.

"Juyo min da shi in ƙarasa aikina. Ranar da ruwa ya sauka, kana cikin hankalinka, mu huɗu za mu je wurin uwarsu. Kai za ka tuƙa."

Kun ga abin da ya yi? Bai yi ƙarya ba ko kalma ɗaya. Jama'a sun toshe wa Lawandi hanyar dawowa da zagi, don in ya juyo ya zama sun fi shi. Uban ya buɗe masa ƙofar da zai shigo ba tare da ya kunyata ba.

Lawandi ya tsaya, ruwa na jan kwale-kwalen gefe. Ba wanda ya yi motsi a gaɓa. Inna Tabawa ta durƙushe a cikin taɓo. Can sai ya kafa gora ya juyo. Sau biyu gorar na kuɓuce masa. Zulai ta ɗauki ƙoƙo tana kwarfar ruwa tana kuka. Saura kaɗan su iso tsumman ya fita gaba ɗaya, kwale-kwalen ya nutse a inda ruwa ke iya wuya. Lawandi ya ɗaga Hansai sama da kansa, Malam Nomau ya cafko Zulai ta riga, samari suka faɗa suka jawo su duka.

Da suka fito, a gaban kowa, tsohon ya dubi ɗansa ido da ido ya ce, "Tuwonka yana gidana kullum, ba zan kore ka ba har in mutu. Amma daga yau, in ka sha, ba za ka taɓa yaran nan ba. Ni zan tsaya a ƙofa, ba uwarka ba."

Na ga bakinku yana motsi, kuna so ku ji ko ya daina sha. Ba zan yi muku daɗin baki ba. Ya daina, ya koma, ya sake dainawa, an daɗe ana fama. Abin da na sani shi ne yaran sun rayu, sun girma, kuma daga ranar duk maganar da ke tsakanin uba da ɗa su biyu suke yin ta, ba a sake aiken Barmo ba.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. A cikin sahun nan akwai waɗanda ke riƙe da jikoki saboda abin da ɗa ko 'ya ke sha. Na san ku, ba zan nuna kowa ba, kuma Allah yana ganin wahalarku. Kada ku tsine wa 'ya'yanku, addu'ar iyaye ba abin wasa ba ce. Amma kada ku yi shiru ku ce haƙuri kuke yi, alhali kunyar mutane ce ta rufe muku baki. Kunya ado ce, sai dai in ran ƙaramin yaro yana cikin haɗari, ajiye ta shi ne ibada. Ku tsaya tsakanin jikokinku da cutarwa, ku kuma bar wa mai laifin hanyar dawowa. Ku kuma maƙwabta masu zagi daga gaɓa, ku sani zaginku tura shi yake yi gaba. Allah ya shirya mana zuri'a.

Malam Nomau ya yi sa'a, ya yi magana tun muryarsa tana iya kaiwa. Da ya ƙara jinkiri kaɗan, ƙugin ruwa ba zai bari a ji shi ba. Kai ma naka yau yana inda zai ji ka. Gobe kuwa ban sani ba.