Matsalarta Iska Ce

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso, yau da shari'a na zo muku. Ta fi ƙarfina, ta hana ni sakat, kuma tunda kowa a majalisar nan alƙali ne in dai maganar gidan wani ake yi, to ga ta nan ku yanke.

Yayata Tasalla ita ce matar marigayi Alhaji Sambo mai bidiyo, wanda gidansa ke bayan kasuwa a nan Gumel. Shekara da shekaru ba a yin aure ko suna a garin nan ba a ga Alhaji da kyamara a kafaɗa ba. Kafin ya kwanta ciwon ajali ya fara wani aiki da ya ce na matarsa ne ita kaɗai. Ya tattaro duk abin da aka taɓa ɗauka na gidansa, tun daga sunan ɗansu na fari har ranar da aka raka su za su Makka, ya yayyanka, ya jera a cikin kwamfutarsa, irin mai babban akwatin nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Abin da ya rage shi ne a danna maɓalli, ita kuma kwamfutar ta haɗe guntayen su zama fim guda, aikin da zai ɗauke ta daga hantsi har la'asar sakaliya. Bai kai ga dannawa ba Allah ya karɓi abinsa.

Ita kuwa Tasalla idanunta sun daɗe suna ja da baya. Likita ya gaya mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ganin tafiya yake yi, kuma ba zai dawo ba. Burinta ya zama guda ɗaya, ta ga fuskar mijinta tana motsi kafin duhu ya rufe ta.

Da ta fita takaba sai ta sa aka kunna kwamfutar aka danna. Wuta ba matsala ba ce, Alhaji ya bar sola. Aiki ya fara, fankokin cikin akwatin suka ɗauki ƙugi, can sai ɗif, ta mutu. Aka sake kunnawa, ta sake mutuwa. Ga shi tsakiyar bazara ce, lokacin da ko randa ruwan ɗumi take bayarwa. Sai ta sa aka kira mata Ɗanlami, tsohon abokin sana'ar Alhaji da ya koma Abuja, aka kara wayar a jikin akwatin ya ji ƙugin.

Ya ce, “Hajiya, ai wannan matsalarta iska ce.”

Ta ce, “Innalillahi! Dama na faɗa, wannan gurnani ba na lafiya ba ne.” Ta katse wayar.

Jama'a, mutumin nan iskar shaƙa yake nufi, wadda ke shiga ta sanyaya kayan ciki ta fita. Yayata kuwa ta ji iskar da ke hawa kan mutane. Ban taɓa ganin inda kalma ɗaya ta yi ɓarna irin wannan ba. Ta sa aka rufe taga. Ta ɗauko bargon da suka sayo a Makka ta lulluɓe akwatin ruf. Safe da yamma a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa habbatus sauda da turare, a tura a ƙarƙashin bargon don hayaƙi ya shiga ko'ina. Kwamfutar da a da takan yi ɗan nisa kafin ta mutu, yanzu ko gama buɗe ido ba ta yi. Tasalla ta ce ai shi ke nan, mutanen ɓoyen sun ji magani ne suke turjiya, a ƙara garwashi. Ni da na je gaishe ta na ga abin da ake yi, na buɗe baki zan yi magana ta ce in fita, ƙanenta ne ni ba ubanta ba. Na fita raina a ɓace.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ganin kuma kullum raguwa yake yi, sai ta tara 'ya'yanta uku: Tukur babba, mai gyaran janareta; Baraka, mai yin kek da cincin na biki; da Mudassir auta, mai gyaran waya. Dukansu suna da aure, kuma duk ukun sun daɗe suna hararar shagon Alhaji da ke ƙofar gida, don shi kaɗai ne ɗaki mai kallon titi. Shagon nata ne, tun yana raye ya ba ta. Ta ɗaga mukullin ta ce ta yi alkawari, duk wanda ya sa kwamfutar nan ta yi aiki har fim ya fito, shago ya zama nasa.

Na ga bakinka yana motsi, Nafi'u, za ka ce me ya hana a ɗauke ta a kai Kano. An kawo wannan shawarar. Ta ce inda Alhaji ya ajiye ta nan za ta zauna, ko ƙofar ɗaki ba za ta tsallake ba, kuma babu baƙon da zai sa mata hannu. In kana ganin za ka iya da yayata, gidan ba nisa.

Tukur ne ya fara, kuma shi ne ya yi abin da ni na kasa. Ya sake kiran Ɗanlami, ya buɗe muryar wayar kowa yana ji, ya ce, “Baba Ɗanlami, don Allah wace iska ka ce wa Inna?” Mutumin ya tambaya ko iska iri nawa ce. Da aka ba shi labarin bargo da kasko sai ya yi salati har sau ban san adadi ba. Tasalla ta yi fushi, ta ce an taru an mayar da ita mahaukaciya, ta yini ba ta kula Tukur ba, amma dai ta bari ya yaye bargon. Ya buɗe taga, ya jawo akwatin daga lungu ya ɗora a kan tebur nesa da bango, ya kwance murfin. Abin da ke ciki ba ya ganuwa. Ƙura da baƙin hayaƙi da maiƙon turare sun cakuɗe sun yi kauri kamar kunkunniyar madafa, sun toshe duk ramukan da iska ke bi. Ya aro injin hura iska, ya danne fankokin da yatsa don kada gudu ya lalata su, ya hure, ya bi da buroshi ya kankare, ya ciro fankar gaba da ta baya ya goge fukafukansu tas. Sai dai wajen mayarwa ya yi tasa dabarar. Tunda an ce iska ce ba ta samu, sai ya ɗaura fankokin duka biyu suna turo iska ciki, wai ta sha ta ƙoshi. Aka kunna, ta yi aiki har rana ta take tsaka, sannan ta mutu. Tukur ya jefar da buroshi ya ce shi ya gama nasa, sauran na Allah ne.

Baraka ta karɓa. Ita ba ta san sunan ko waya ɗaya a cikin akwatin ba, amma ta shekara da shekaru tana fama da wuta da zafi, ta san ɗakin da hayaƙi ba shi da mafita ba ya zaunuwa. Ta sa aka mayar da murfi aka kunna, ta kunna turaren tsinke ɗaya. Uwar ta ji ƙamshi ta ce, “Yawwa 'yar albarka, gaya musu.” Baraka ta ce, “Inna, wannan na kallo ne, ba na magani ba.” Ta kara tsinken a gaban akwatin, hayaƙi ya shige ciki. Ta zagaya ta kara a baya, nan ma ya shige ciki. Ta dubi yayanta ta ce, “Yaya Tukur, to ta ina zai fita? Baƙi ka tara a ɗaki ka kulle ƙofa.” Ta sa shi ya kwance fankar baya ya juya fuskarta, yana yi yana ƙunƙuni. Ta ga wayoyi sun yi cunkus a tsakiya sun tare hanya, ta tattare su gefe ta ɗaure da zaren da take ɗaure ledar cincin. Da aka sake kara turaren, hayaƙi ya shiga ta gaba, iska mai ɗumi ta bugo hannu ta baya. Ƙugin ya ragu, kowa ya fara murna. Aiki ya wuce azahar, ya kusa kaiwa gaci, sai ɗif. Baraka ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka don takaici.

Sai Mudassir. Shi ya sa hannu a cikin akwatin ya ji iskar ba ta da wani zafi, amma kuma kwamfutar zafi ke kashe ta. Ya ce to zafin yana maƙale ne a wani wuri, bai fito ba balle iska ta kwashe shi. A kan ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai wani ƙarfe mai tsage-tsage kamar matsefi, shi ke zuƙo zafinta ya miƙa wa iska, kuma tsakaninsu akwai wani irin mai, mai launin toka, da ake shafawa don su manne. Ya kwance ƙarfen a hankali, ya tarar garwashin Inna ya gasa man nan ya bushe ya farfashe, ƙarfe da ƙwaƙwalwa suna tare amma ba sa jin juna. Ya zagaye Gumel bai sami irinsa ba. Ya hau mota cikin wannan rana ya tafi Kano, ya dawo da shi a cikin ɗan sirinji, leɓɓansa duk sun bushe. Ya goge tsohon tas, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya zaunar da ƙarfen ya ɗaure kusoshinsa kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan waccan. Da hannunsa ya goce ya taɓa abin da bai kamata ba, da an yi biyu babu.

Washegari da hantsi aka danna. Tasalla ta zauna a gaban allon da carbi, ba ta ci ba, ba ta sha ba. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, kwamfutar tana ta aikinta da ɗan sauti kamar numfashin mai barci. Rana ta yi sanyi fim ya fito. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon, ga Alhaji nan yana matashi, ya rungumo jariri yana yi wa mai ɗaukar hoton faɗa wai ya riƙe kyamarar da kyau. Ta ce, “Shi ne. Ku dubi hular a karkace, har ya mutu bai iya sa hula ba.” Ta yi dariya, ta yi kuka, mu ma duk muka yi. Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba, kuma ko sallar magariba ba a kira ba suka ɓata min shi.

Tukur ya ce shago nasa ne. Shi ya warware maganar iska, shi ya sha fushin Inna, shi ya kwashe dattin da ya toshe komai, kuma ba don shi ba da har yau akwatin yana ƙarƙashin bargo yana shan hayaƙi. Baraka ta ce ya yi shiru, shi da ya ɗaura fanka a baibai, da an bar ta yadda ya yi da zafin yana nan yana zagaye a ciki ko da buhun mai aka shafa. Mudassir ya ce su duka biyun sun gwada ta mutu a hannunsu, a hannunsa ne fim ya fito, kuma alkawarin Inna a kan fitowar fim ne. Suka koma tonon silili. Ashe turaren da aka yi ta bankawa Baraka ce ke sayo wa uwar, wai don kada ta saɓa mata. Ashe Mudassir tun ranar farko ya gane iskar da Ɗanlami yake nufi, ya yi dariyarsa ya kama bakinsa don yana tsoron faɗan Inna, sai da ya ji maganar mukulli hankalinsa ya dawo gida. Kowa da abin yabonsa, kowa da abin da za a ja masa kunne a kai, kuma ka cire aikin ɗaya daga cikinsu, na sauran biyun ya tashi a banza.

Tasalla ta yi ta kallon fim ɗinta safe da yamma har ruwan farko ya sauka. Yanzu ganin ya tafi gaba ɗaya, sai dai a kunna mata ta saurari muryar. Ta aika aka kira ni, ta laluba hannuna ta danƙa min mukullin, ta ce, “Ni dai na gan shi, alhamdu lillahi. Alkawari kuma na ɗauka, ba na so in mutu da shi a wuyana. Kai ne kawunsu, ka ba wanda ya dace.” Na ce a raba shagon da katako, suka ce ko tebur biyu ba ya ɗauka. Na ce a yi karɓa-karɓa, ta ce ita mutum ɗaya ta yi wa alkawari.

Shago yana nan a kulle. Kullum da safe su ukun suna zuwa gaishe ta, kowa ya zauna a kusurwarsa. Ba ta ganin fuskokinsu, amma tana jin yadda suke gaishe ta ba sa gaisawa da juna, kuma jiya ta tambaye ni ko har yanzu ban yanke ba ne.

To, ga mukulli a aljihuna. Wanda ya buɗe wa iska hanya, ko wadda ta nuna mata mafita, ko wanda ya miƙa mata zafin ta kwashe, wa zan ba?